Darasi na Sha Ɗaya: Tsohuwar Firinta da Sikana a Hannun Sabuwar Windows

A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, bayan shekara goma da fitowarta. Kwamfutar da ke ɗauke da ita tana nan tana aiki kamar kullum, sai dai gyare-gyaren tsaro da ake turo mata kowane wata sun tsaya, in ban da wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi da kamfanin ya buɗe. Wannan ne ya sa ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu suke ta komawa Windows 11, wadda ta fito tun 5 ga Oktoba, 2021. Da yawa daga cikinsu sai an gama ɗora sabuwar, an kawo takardar farko za a buga, sannan suke tarar da firinta ta yi shiru, sikana kuma ko motsi ba ta yi.

A wannan darasi za mu koyi dalilin wannan shiru, da abin da ya kamata a yi kafin a taɓa Windows, da yadda ake gyara in an riga an taɓa. Abin da nake so ya fara zama a ranka shi ne, firintar da ta buga takarda jiya da yamma ba ta lalace yau da safe ba don kawai an canza manhaja. Ƙarfenta da wayoyinta suna nan yadda suke. Abin da ya yanke shi ne magana tsakaninta da kwamfuta.

Aikin direba

Babbar manhajar kwamfuta, wato Windows ko macOS ko Linux, ba ta san cikin kowane inji da aka ƙera a duniya ba. Kowane kamfani, HP ne ko Canon ko Epson ko Brother, da irin umarnin da injinsa yake ji. Don haka kamfanin yake rubuta wata ƙaramar manhaja mai suna direba, wadda take zama a cikin kwamfuta tsakanin Windows da injin. Aikinsa aikin tafinta ne a gaban alƙali: Windows ta faɗi abin da take so, shi ya juya shi zuwa yaren firinta, in firinta ta ce takarda ta ƙare ko tona ya yi ƙasa, ya juyo wa Windows. Ranar da aka kawo sabon alƙali mai wani yare, tsohon tafinta zai iya zama kurma a gabansa.

Idan ka danna umarnin bugawa a Word, takardar ba ta tafiya kai tsaye wurin firinta. Tana fara shiga layi a hannun wani sashe na Windows da ake kira Print Spooler. Shi yake riƙe ayyukan bi da bi, ya haɗa su da direba a shirya su, sannan a tura ta kebul na USB ko ta Wi-Fi. Ka riƙe sunan nan, za mu dawo kansa.

Abin da ke karya tsohon direba

Babban dalili shi ne batun 32 da 64. An daɗe ana yin Windows iri biyu, mai bit 32 da mai bit 64, kuma direban da aka rubuta wa ɗaya ba ya shiga ɗayar ko kaɗan. Windows 7 da Windows 10 duk suna da iri biyun. Windows 11 kuwa mai 64 ce kaɗai. Wanda yake amfani da Windows 7 mai 32 shekara da shekaru, da faifan CD ɗin da ya zo cikin kwalin firinta, zai iya tarar da cewa abin da ke cikin faifan ba shi da amfani a sabuwar kwamfutarsa. Masu kwamfutar Apple sun sha irin wannan a 2019, lokacin da macOS Catalina ta daina buɗe duk wata manhaja mai 32, aka wayi gari manhajojin tsofaffin sikanoni da yawa sun ƙi tashi.

Sai batun sa hannu. Windows mai 64 tana neman direba ya zo da hatimin lantarki da ke nuna wanda ya rubuta shi, da tabbacin ba a yi masa ƙari a hanya ba. Direban da ba shi da hatimin, tana ƙin karɓarsa ko ta yi ta gargaɗi. Wannan tsanani yana da dalili. Direba yana zama ne a wuri mai iko cikin kwamfuta, in mugu ya samu shiga ta nan ya samu komai. A tsakiyar 2021 an gano wata ɓaraka a Print Spooler da aka yi wa laƙabi da PrintNightmare, wadda ke ba ɓarayin intanet damar ƙwace kwamfuta ta hanyar ɗora direban bogi. Daga watan Agusta na shekarar Microsoft ta ƙara tsaurara doka, ta yadda a ofis mai firinta ɗaya da kwamfutoci da yawa, sai mai izinin shugaban kwamfuta ne zai iya ɗora direban da ke zuwa daga wata kwamfutar.

Akwai kuma sababbin laftof masu ƙwaƙwalwar Snapdragon, irin ginin da ake kira ARM. Suna ɗauke da Windows 11, a ido ba su da bambanci da saura, amma direban da aka rubuta wa Intel da AMD ba ya aiki a kansu. Mai shagon buga takardu ya yi hattara kafin ya sayi irin wannan.

Dalili na ƙarshe ba na fasaha ba ne, na kasuwa ne. Kamfani ya sayar da inji a 2006, ya ci ribarsa, yau ba ya son biyan ma'aikata su sake rubuta masa direba, ya fi son ka sayi sabo. A ƙasashen da ake zubar da inji bayan 'yan shekaru wannan ba ya damun kowa sosai. A wurinmu kuwa, inda firinta 'yar Kwatano take shigowa bayan ta gama aiki a wani ofis a Turai, ta zo ta sake yin wasu shekarun tana ciyar da gida, lamarin yana taɓa aljihu kai tsaye. A ganina rashin adalci ne a mayar da inji mai lafiya bola saboda fayil ɗin da bai kai girman waƙa biyu a waya ba. To amma tunda ba mu ke rubuta dokar ba, sai mu san hanyoyin da za mu bi.

Firinta mai ƙwaƙwalwa da marar ita

Ba duk firintoci ne suke shan wahala iri ɗaya ba, kuma sanin bambancin zai taimake ka har a wajen saye.

Wasu firintoci suna jin yare na gama-gari. Akwai PCL na kamfanin HP, da PostScript na kamfanin Adobe, dukansu tun shekarun 1980 ake amfani da su. Firintar da ke jin ɗaya daga cikinsu tana da ƙwaƙwalwar kanta: a turo mata bayanin shafi, ita ta zana shi. Manyan firintocin ofis da manyan injinan fotokofi galibi haka suke. Irin waɗannan ko an rasa direbansu na asali, direban gama-gari na kamfanin, kamar HP Universal Print Driver, yakan tashe su. Mai yiwuwa ka rasa wasu ƙananan zaɓuɓɓuka, amma takarda za ta fito.

Wasu kuwa an rage musu ƙwaƙwalwa don su yi araha. Kwamfuta ce take yin duk lissafin shafin, ta mayar da shi ɗigo-ɗigo, firinta kawai ta fesa. HP LaserJet 1020, wadda kusan duk wanda ya taɓa shiga bizines santa ya gani, mai shan tona 12A, tana cikin wannan rukuni. Ita har manhajar da ke motsa cikinta ma daga kwamfuta ake tura mata duk lokacin da aka kunna ta. Canon LBP2900 ma tana cikin wannan rukuni, da nata yaren mai suna CAPT. Irin waɗannan injina suna da juriya da sauƙin gyara, shi ya sa ake son su, amma ba su jin kowa sai direbansu. Ka ba su direban gama-gari, ko su yi shiru ko fitilarsu ta yi ta ƙiftawa ba takarda. Abin farin ciki, waɗannan biyun suna da direba mai 64, kuma mutane da dama suna amfani da su a Windows 11. Wasu 'yan uwansu da suka girme su ba su samu wannan gata ba.

Kafin ka canza

Nan ne ainihin darasin, kuma aikin ba ya wuce na awa guda.

Ka fara da rubuta cikakken sunan kowane inji. "HP" ba suna ba ne, "Canon ce baƙa" ma ba suna ba ne. Ka juya bayan injin ko ƙarƙashinsa, za ka ga takardar da aka manna mai lambar samfuri. Harafi ɗaya yana da tasiri: P1102 da P1102w ba ɗaya suke ba, ta biyun tana da Wi-Fi. Sannan ka duba kwamfutarka. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta winver, zai nuna maka Windows ɗin da kake kai. A cikin Settings, ƙarƙashin System, sannan About, akwai layin System type, shi zai gaya maka ko 32 ce ko 64, kuma ko ARM ce.

Da wannan suna a hannu sai ka shiga shafin intanet na kamfanin da ya ƙera injin, sashen tallafi, ka rubuta lambar. Za a nuna maka jerin manyan manhajojin da injin yake da direbansu. In ka ga Windows 11, an gama. In ba ka gani ba amma akwai Windows 10 mai 64, har yanzu da sauƙi, domin Windows 11 an gina ta ne a kan tushen Windows 10, kuma mafi yawan direbobin wancan suna aiki a wannan. In abin da ya rage Windows 7 ko 8 mai 64 ne, akwai fata, sai an gwada. In kuwa jerin ya tsaya a XP ko a 32 kaɗai, to ka dakata, kada ka taɓa kwamfutar da injin yake haɗe da ita sai ka karanta sashen da ke gaba kan mafita. Mai firintar Samsung kuma ya sani cewa HP ta sayi sashen firintocin Samsung a 2017, don haka direbobinsu a shafin HP ake samu.

Ka sauke direban tun tsohuwar Windows tana nan, ka ajiye a filashi, ka rubuta sunan injin a jikin foldar. In injin mai haɗa bugawa da sikanin ne, ka tabbata ka sauke na ɓangarorin biyu. Wanda hannunsa ya faɗa zai iya kwashe duk direbobin da ke cikin tsohuwar kwamfutar gaba ɗaya: a buɗe Command Prompt da izinin shugaba, a rubuta pnputil /export-driver * sannan wurin foldar da ake so a zuba su. Ku gwada wannan a aji tare da malami kafin ku yi a shago.

Sai gwaji. In akwai wani a kusa mai Windows 11, ka ɗauki firintar ka kai, ko ya kawo laftof ɗinsa, a ɗora direban a buga shafi ɗaya, a yi sikanin ɗaya. Ganin takarda ta fito ya fi duk alkawarin da ke rubuce a shafin kamfani.

Ka kuma zaɓi lokaci. Mai shago a kusa da makaranta ya san kwanakin da ake rajistar JAMB ko WAEC ko NECO, lokacin da layi yake kaiwa bakin titi. Ba a canza Windows a irin wannan mako. In ka ɗaga Windows 10 zuwa 11 ta hanyar sabuntawa, ba tare da goge komai ba, kana da kwana 10 da za ka iya komawa baya ta Settings, System, Recovery. In kuwa fomatin aka yi aka share faifan, wannan ƙofa babu ita. Masu gyara da yawa fomatin suka fi so domin ya fi sauri, saboda haka ka faɗi abin da kake so tun kafin ka miƙa kwamfutar.

In an riga an canza

Mu ɗauki misali. Mai shago ya karɓo kwamfutarsa daga wurin gyara da sabuwar Windows. Wata mata ta shigo da takardar NIN a wayarta tana so a buga mata. Ya danna, shiru. Ya sake dannawa har sau uku. Ya kira yaron da ya yi aikin.

"Injiniya, ka kashe mini firinta."

"Oga, wallahi ban taɓa ta ba. Fitilarta tana kunne?"

"Tana kunne, kore shar."

"To ku buɗe murfin ku rufe, kun ji ta yi gurnani?"

"Ta yi."

"Lafiyarta ƙalau ke nan, Oga. Direba ne babu. Ku ba Hajiya haƙuri, ga ni nan zuwa da filashi."

Yaron ya yi daidai da ya fara raba laifin inji da laifin manhaja. Firintoci da yawa suna iya buga shafin gwaji da kansu ba tare da kwamfuta ba, ta riƙe wani maɓalli ko ta menu ɗin jikinsu. In wannan shafi ya fito, inji ya fita daga zargi.

Daga nan sai a duba ko kwamfuta tana ganin injin. Ka danna maɓallin dama na maus a kan alamar Start, ka zaɓi Device Manager. Ka zare kebul ɗin firintar ka mayar, idonka a kan jerin. In jerin ya motsa, wani abu ya bayyana da ƙaramar alwatika ruwan ɗorawa mai alamar motsin rai a ciki, to kwamfuta ta ga inji amma ba ta san shi ba. In ko motsi bai yi ba, ka canza kebul ko ramin USB kafin ka zargi direba. Kebul marar kyau ya sa mutane da yawa sun yi fomatin a banza. Idan takardar bayan injin ta goge ba ka san sunansa ba, ka buɗe Properties na wannan abu mai alwatika, ka shiga Details, ka zaɓi Hardware Ids. Za ka ga rubutu mai VID da lambobi huɗu a gabansa: 03F0 na HP ne, 04A9 na Canon, 04B8 na Epson, 04F9 na Brother. Lambar PID da ke biye ita ce ta samfurin.

Wajen ɗora direba, ka zare kebul tukuna, ka buɗe fayil ɗin da ka sauke, sai ya ce ka haɗa sannan ka haɗa. In manhajar ɗorawar ta ƙi, ta ce ba ta san wannan Windows ba, sau da yawa ita ce mai taurin kai, direban da ke cikinta lafiya yake. Akwai hanya ta hannu. Ka warware fayil ɗin cikin folda. Ka shiga Settings, Bluetooth & devices, Printers & scanners, ka danna Add device, ka jira har rubutun Add manually ya fito. Ka zaɓi ƙara firinta da saitin hannu, a wajen port ka ɗauki USB001 ko makamancinsa, kada ka ɗauki LPT1, wannan na tsohon kebul mai faɗi ne. Sai ka danna Have Disk, ka nuna masa fayil mai ƙarewa da .inf a cikin foldar. A wannan shafi kuma akwai maɓallin Windows Update, wanda in ka danna ka yi haƙuri na wasu mintuna yakan ƙaro sunayen tsofaffin firintoci da yawa cikin jerin.

Ka tuna mai shagonmu ya danna bugawa sau da yawa. Waɗannan ayyuka suna nan maƙale a layi, kuma za su iya toshe hanya ko bayan an gyara direba. Ka danna Windows da R, ka rubuta services.msc, ka nemo Print Spooler ka tsayar da shi. Ka shiga C:\Windows\System32\spool\PRINTERS ka share abin da ke ciki, foldar kanta ka bar ta. Ka koma ka tashe shi.

Abu ɗaya da ake mantawa bayan sabon direba: girman takarda. Sau da yawa yakan zo a kan Letter, ma'aunin Amurka, mu kuwa A4 muke amfani da ita, mai milimita 210 da 297. In ka ga ƙasan shafi yana yankewa ko firinta tana neman a sa mata wata takarda, nan za ka duba.

Gargaɗi da babbar murya: idan ka rubuta sunan firinta a Google, shafuka da yawa za su fito suna tallar direba kyauta, wasu da babban koren maɓalli, wasu da manhajar da wai za ta sabunta maka duk direbobi lokaci guda. Ka guje su. Ta nan bairos yake shiga, kuma kwamfutar shago cike take da hotunan fasfo da takardun shaidar mutanen da suka ba ka amana. Haka kuma duk wanda ya ce ka kashe tsaron Windows don direba ya shiga, ka nemi wata shawarar.

Sikana

Sikana ta fi firinta wuyar sha'ani, domin ba ta da wani tsohon yare na gama-gari irin PCL da za a fake da shi. Hanyoyi biyu ne manhajoji suke bi su yi magana da ita a Windows. Akwai TWAIN, wanda ya fito a 1992, shi manhajojin hoto da na ofis suka fi amfani da shi. Akwai WIA na Microsoft, wanda Windows Scan da Windows Fax and Scan suke bi. Sikana za ta iya yin aiki ta ɗaya ta ƙi ta ɗayan, don haka in ta ƙi a wata manhaja ka gwada wata kafin ka yanke hukunci. Akwai manhaja kyauta mai suna NAPS2 da ke ba ka damar zaɓar TWAIN ko WIA da kanka, tana kuma haɗa shafuka da yawa cikin PDF ɗaya. Sai dai ita ma tana bukatar direba ya kasance a kwamfutar.

Abin da aka fi kawo kuka a kansa shi ne inji mai haɗe-haɗe, irin Epson L3110, yana bugawa amma ba ya sikanin. Dalili shi ne Windows ta ɗora masa direban bugawa da kanta ta bar ɗaya ɓangaren. Sai ka sauke Epson Scan 2 daban. Canon da HP da Brother ma kowanne yana da cikakken kunshi a shafinsa, shi za ka nema.

Wasu tsofaffin sikanoni, kamar CanoScan LiDE na farkon shekarun 2000, kamfaninsu bai taɓa yi musu direba mai 64 ba. Ga irinsu akwai VueScan, manhajar wani ƙaramin kamfani a Amurka da ya rubuta nasa direbobin na dubban tsofaffin sikanoni. Ta kuɗi ce, amma ana iya gwada ta kyauta, sai dai za ta sa tambari a kan hoton har sai an biya. Ka gwada, in ta tashi injinka sai ka auna kuɗinta da kuɗin wata sikanar.

In duk ta ƙi

Mafita mafi sauƙi ita ce a bar wa tsohon inji tsohuwar kwamfutarsa. A cire ta daga intanet gaba ɗaya, a mayar da ita ta bugawa da sikanin kawai, sabuwar kwamfuta kuma ta riƙe aikin rajista da imel da banki. Illar wannan tsari ita ce filashin da ke yawo tsakaninsu, musamman na kwastomomi, don haka a riƙa bincika shi a sabuwar kafin a kai shi tsohuwar. Abin da ba zan ba kowa shawara ba shi ne ci gaba da shiga banki ko shafin rajista da Windows 7, wadda aka daina kula da ita tun 14 ga Janairu, 2020.

Akwai kuma Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, kyauta ne, kuma suna hawa kwamfutocin da Windows 11 ta ƙi saboda rashin guntun tsaro mai suna TPM 2.0 ko tsufan ƙwaƙwalwa. A can CUPS ne yake kula da bugawa, SANE da sikanin, HP kuma tana da nata kunshin mai suna HPLIP. Tsofaffin sikanoni da yawa da Windows ta manta da su suna aiki a SANE. Amma ba kowane inji ba: Canon LBP2900 ta yi suna wajen ba da wahala a Linux. Ana iya kunna Linux daga filashi a gwada injin ba tare da an goge komai ba. Sai ka tuna CorelDRAW da Microsoft Office, waɗanda shagunanmu suka dogara da su, ba a yi su don Linux ba.

In za ka sayi wata

Kamfanoni sun daɗe suna ƙoƙarin kawar da direba na kowane inji. Apple ta fito da AirPrint a 2010. A 2013 Canon da HP da Samsung da Xerox suka kafa ƙungiyar Mopria. Dukansu sun dogara ne da ƙa'idar IPP, inda firinta take gaya wa kwamfuta ko waya da kanta irin takardar da take ɗauka da abin da take iyawa, ba sai an ɗora komai ba. Sikanin ma yana da irin wannan ƙa'ida mai suna eSCL. A watan Satumba na 2023 Microsoft ta sanar cewa a hankali za ta daina rarraba sababbin direbobin firinta na kamfanoni ta Windows Update, ta koma ga nata direban na IPP. Direbobin da ake da su ba a hana su aiki ba, kuma kamfani zai iya ci gaba da ba da nasa a shafinsa, amma an nuna inda aka dosa.

A cikin Windows 11 ta 24H2, wadda ta fito a 2024, an ƙara wani saiti a shafin Printers & scanners mai suna Windows protected print mode. Wanda ya kunna shi, Windows za ta cire duk firintar da ke amfani da direban kamfani, ta bar masu bin tsarin Mopria kaɗai. Mai LaserJet 1020 ko LBP2900 kada ya kunna shi, kuma ya gaya wa yaran shagonsa.

Saboda haka in ka je kasuwa, sabuwa za ka saya ko 'yar Kwatano, bayan tambayar kuɗin tona da samuwar kayan gyara, ka duba kwali ko takardar bayanin injin ko akwai AirPrint ko Mopria, ko aƙalla PCL ko PostScript. In bambancin kuɗin bai yi yawa ba, mai ɗauke da su ita ce mai arahar. Ka je da laftof ɗinka, a buga maka shafi a gabanka kafin ka biya, kuma in daga Amurka ta fito ka karanta bayanta, domin mai wuta 110 in aka sa ta a tamu kai tsaye ƙonewa za ta yi.

Aikin gida

Kafin haɗuwa ta gaba, kowane ɗalibi ya nemi firinta ko sikana guda, a wurin aikinsa ko a shagon da ke unguwarsu, ya nemi izinin mai ita ya kwafo cikakkiyar lambarta daga takardar baya. Ya duba Windows ɗin da take haɗe da ita, 32 ce ko 64. Sannan ya shiga shafin kamfanin ya ga ko tana da direban Windows 11 ko na Windows 10 mai 64, ya rubuta a littafinsa shawarar da zai ba mai injin: ya canza yanzu, ya gwada tukuna, ko ya bar mata tsohuwar kwamfutarta. Wanda ba shi da data ya zo da lambar kawai, za mu duba tare a kwamfutar aji.